Kayit ɗina ya yi laushi kamar tsohon zani, in shafa masa silikon ko in haƙura?

Bakatsinen_Holan:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu sanin harkar yadi, da masu wasan kayit in akwai su a nan, shawara nake nema, kuma kar a min dariya don na san wani zai ce me ya kai babba da gemunsa wasan jirgin leda. To ba irin wanda muke haɗawa da leda da tsinken tsintsiya muna yara ba ne, wannan babba ne mai jan mutum, murabba'in mita 4, igiya huɗu, biyu na ja biyu na birki, yana da aljifai a jere bakinsu a buɗe ta gaba, iska ta shiga ta cika su sai ya miƙe kamar fiffiken jirgi. In iska ta kai yadda ake so wallahi jan ka yake a kan yashi kana tirjewa kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Gwanjo na saye shi bara wajen wani dattijo yuro 70, ya ce ya fi shekara goma a wajensa kuma rabin shekarun a gareji ya yi su cikin jaka. Nakan je da shi bakin teku a garin IJmuiden nan Holan ranar Lahadi in ba aiki, nan ne masu bagi suke taruwa, keken nan mai ƙafa uku da kayit ke ja. Matsalar ita ce na lura nawa baya tashi kamar na mutane. Nasu da an ɗan fizga sai ka ji fuuu ya haye sama, nawa kuwa sai ya tashi rabi ya tsaya yana shawara, wani lokacin ma ya dawo da baya ya zauna a ƙasa, in kuma na kai shi gefe sai ya naɗe ya faɗo. Yadin ma in ka taɓa na wasu ƙaras-ƙaras yake yi kamar sabuwar naira, nawa laƙwas, ga wani ɗan wari-wari daga cikin aljifan, kuma in ya taɓa jiƙaƙƙen yashi nan take yake shan ruwa ya yi nauyi.

Na ga wasu a intanet suna cewa ana narka silikon ɗin nan na masu gilashi a cikin ruwan tsinka fenti a shafe yadin da soso ya dawo sabo, wasu sun ce a'a feshin tanti ake sa masa, wasu kuma sun ce kar a kuskura. To wanne ne gaskiya? Sabo irinsa ya tasar ma yuro ɗari uku, ni kuma ɗalibi ne, kun san zancen.

Tela_Kwari:

Wa alaikumus salam. Kai Bakatsine, ashe dai da gaske akwai 'yan iska masu lasisi a Turai, hhhh tuba nake. Ni dai ban taɓa ganin abin nan ido da ido ba sai a bidiyo, amma in maganar hana yadi shan ruwa ce ai tsohuwar sana'a ce. Masu tampol ɗin mota na da, kyandir suke narkawa su haɗa da kananzir su shafe shi tas su shanya a rana, ruwan Agusta ma baya ratsa shi. Me zai hana ka gwada a gefe guda ka gani? Sai dai abu ɗaya zan gaya ma a matsayina na wanda ya shekara ashirin a kan keke, yadin da ya mutu ya mutu, in ka sa allura ka ji ba ya riƙe zare to ko me ka shafa masa kwalliya ce kawai. Ka fara jan ɗinkin da hannu tukuna ka ga ko ramukan allurar suna buɗewa.

Yar_Zazzau:

Malam Tela ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe zinariya ce amma dan Allah kyandir da kananzir a bar wa tampol. Tampol auduga ne mai kauri, yana shan kakin ya riƙe, kuma ba ruwan kowa da nauyinsa tunda mota ce ke ɗauka. Yadin kayit nailan ne siriri, murabba'in mita ɗaya wajen giram 40 ne, in ka lafta masa kaki ka gama da shi, ga nauyi ga yashi zai manne masa kamar ƙuli a gari.

Ɗan'uwa Bakatsine, ni ban taɓa riƙe kayit ba amma yadi da roba na karanta a Zariya, bari in faɗi abin da na sani sai masu wasan su ƙarasa. Yadin nan ana ce masa rifstof, in ka duba da kyau za ka ga ɗan zane mai gida-gida, zare mai kauri ne aka ratsa a saƙar don in ya fara yagewa ya tsaya a gidan gaba. Saƙar ita kaɗai iska tana wuce ta kamar rariya, abin da ke tare iskar wani shafe ne siriri da ake yi masa tun a masaƙa, yawanci roba ce da ake kira foliyuretan, a taƙaice PU. Masaƙun da suka yi suna a wannan ba su da yawa, akwai Porcher a Faransa masu Skytex, akwai Dominico a Koriya ta Kudu, akwai yadin Chikara na Japan, sai Teijin su ma na Japan waɗanda yadinsu foliyesta ne, shi aka fi sa wa kayit ɗin kan ruwa mai bututun da ake hura wa iska. Kuma su ba da soso suke shafawa ba, inji ne ke shimfiɗa shi da wuƙa a kan yadin yana miƙe, a gasa shi da zafi, shi ya sa yake kama zaren sosai.

Shafen nan aiki uku yake yi, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Yana tare iska, yana hana ruwa shiga, sannan yana riƙe zaren saƙar kar su goce. Na ukun nan ka gwada da kanka, ka kama yadin ka ja shi a tsaye, ka ja a kwance, sannan ka ja shi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, za ka ga a karkacen ya fi miƙewa nesa ba kusa ba, kowane tela ya san wannan. To shafen masaƙa shi ke hana wannan miƙewar, shi ne ƙaras-ƙaras ɗin da kake ji a na mutane. In ya tafi fiffiken baya riƙe siffar da aka yanka shi a kai, kuma duk abin da za ka shafa a gida ba zai dawo da wannan ba, iyaka ya toshe ƙofofin iska ya kori ruwa.

Warin da ka ce kana ji shi ya fi damuna. PU in ya daɗe a wuri mai danshi, musamman an naɗe shi da laima an cusa a jaka, ruwan ne ke cin sa a hankali yana tsinka shi, sai ya fara wari kamar na tsami, ya yi danƙo, daga nan ya fara ɓarewa kamar fatar da ta sha ƙunar rana. Ka zura hannu cikin aljihu ɗaya ka shafa ta ciki, don sau da yawa gefen da ke da shafen shi ake juyawa ciki. In ka ji danƙo ko wani farin gari ya biyo yatsanka to tsohon shafen yana mutuwa ne, kuma sabo baya zama a kan wanda ke ɓarewa, kamar ka yi fenti ne a kan bangon da ke zubar da ƙasa. In kuwa sumul yake babu danƙo, wataƙila warin fumfuna ne kawai, wannan da sauƙi.

Sai maganar feshi. Irin su Nikwax SolarProof da Fabsil an yi su ne don tanti da rumfa, ruwa ya riƙa gangarewa, na farkon har da rage cin rana. SealNGlide na Holmenkol kuma masu jirgin ruwa mai filafilai ne suka fi amfani da shi don yadin ya yi santsi ya ƙi ruwa da datti. Duk suna aikin da aka yi su dominsa, amma korar ruwa daban toshe iska daban. Ɗigon ruwa ƙato ne, yana iya tsayawa a kan yadi yana sheƙi alhali iska na wucewa ta ƙarƙashinsa salin alin, ai rigar ruwa mai kyau ma haka ake son ta. Don haka in ka fesa ka ga ruwa na mirginawa kar ka ce an gama.

Dogo_Blackpool:

Salam. Ƙanina sannu da shiga sana'ar marasa aikin yi, ni na fi shekara sha biyar a ciki, na fara da ƙaramin mai igiya biyu har na kai ga bagi, kuma abin da kake shirin yi na yi shi sau biyu, ɗaya ya yi kyau ɗaya na yi da-na-sani. Amma kafin mu je can, wallahi ina karanta bayaninka na ce wannan ba lallai yadi ba ne. Kayit ya tashi rabi ya tsaya, ya dawo da baya ya zauna, wannan ai kukan birki ne. Igiyoyin nan Dyneema ne, wani zaren roba mai ƙarfi, a ƙasar da kake zaune ma ake yin zaren a Heerlen, kuma halinsa shi ne wadda ke shan ja kullum tana nan a miƙe ko ta ɗan ƙaru, wadda ba ta shan ja kuwa, wato ta birki, sai ta riƙa tsukewa da tsufa da yashi. Shekara goma ai ta isa ta ci santimita da yawa. Kaga kenan kana tashi ne da birki a take, kamar mai tuƙa mota da hanbirek a sama yana zagin inji.

Ka samu ƙarfe ko turke ka maƙala kan igiyoyin huɗu duka a wuri guda, ka warware su har ƙarshe, mita 20 ne ko 25 oho, ka ja su tare ka ga ko bakinsu ya zo daidai. In na birki sun gaza sai ka ja su da ƙarfi su ɗan saki, sauran kuma ka ƙara tsawon a ƙullin da ke jikin mariƙin. Haka linzamin da ke jikin kayit ɗin, ƙananan igiyoyin nan masu rassa, ka gwada na dama da na hagu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka zazzage yashi, za ka sha mamakin abin da ke kwance a gindin aljifan nan, ni na taɓa fitar da kusan cikin kofi daga guda ɗaya, kuma duk a baya yake taruwa inda ya fi cutarwa. Wannan duk kyauta ne ba ka kashe ko sisi ba.

In ka yi wannan bai gyaru ba sai mu zo kan yoyon iska. Masu lemar sauka daga kan dutse suna da na'urar awo ta kamfanin JDC na Suwizalan, tana ƙirga daƙiƙa nawa rubu'in lita na iska zai ɗauka kafin ya ratsa yadin, sabo yakan ɗauki ɗaruruwan daƙiƙa, wanda ya gaji kuwa kafin ka ƙirga goma ya wuce. Mu talakawa baki muke sawa. Ka manna yadin a leɓe ka zuƙa, ka fara da wajen wutsiya ta ƙasa inda rana ba ta cika duka ba don ka san yadda mai lafiya yake, sannan ka zuƙi fatar sama daga gaba a tsakiya, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin aljifan. Nan ne ke fara mutuwa kuma nan ne ya fi muhimmanci. In ka ji kana numfashi ta ciki kamar ta hankici to ya yi yoyo. Amma ka sani irin naka mai buɗaɗɗen baki yana da haƙuri da yoyo, tunda iska na shiga ne kullum tana maye wadda ta fita, ba kamar mai rufaffen aljihu na kan ruwa ba.

Gwaji na biyu shi ne wanda Malam Tela ya faɗa, ƙarfin zaren kansa. Rana ce ke cin nailan, kuma wannan ba shi da magani. Su masu lemar saukar nan, allura suke sokawa su ja da ɗan sikeli har giram 600 su ga ko zai yage. Kai ka samu wurin da launin ya fi koɗewa ka kama da yatsu huɗu ka ja da ɗan ƙarfi, in ka ji ƙiiii to ka yi masa addu'a ka yanka shi ka ɗinka jakunkuna.

To silikon. Wanda ya yi min kyau ga yadda na yi, ba wai ina ce ma ka yi ba. Na wanke shi da ruwa zalla mai ɗumi-ɗumi a baho, ba omo ba injin wanki, na shanya a inuwa kwana biyu. Na samu silikon farar fata mai garai-garai wanda aka rubuta ɗari bisa ɗari, mai warin tsami ɗin nan, na narka kashi ɗaya a cikin kashi goma sha biyar na wayit sifirit, wato wanda ake tsinka fentin mai da shi, ba tinar masu fentin mota ba don ita tana cinye shafen asali. Narkawar tana cin rai, sai ka yi ta kaɗawa kamar mai dama fura har gudajin su ɓace ya koma kamar ruwa. Na shafa da soso siriri-siriri, fatar sama kawai, daga gaba zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, na bi da tsumma na goge rarar, na rataye shi a buɗe kwana biyu kar fata ta taɓa fata. A waje ake yi dan Allah, abin nan yana kama wuta kuma yana hawa kai. Ya ba ni kamar shekara ɗaya da rabi yana cika da wuri kuma baya shan ruwa, daga nan ya koma gidan jiya.

Na biyun kuwa zaƙewa na yi, na ce tunda kaɗan ya yi daɗi bari in ƙara, na yi haɗin da kauri na shafe sama da ƙasa. Yi lissafi da naka, mita 4 a sama, 4 a ƙasa, haƙarƙarin ciki kamar 2, yadi mita 10 kenan sau giram 40, wajen giram 400. In ka ƙara giram goma-goma a sama da ƙasa ka ɗora masa 80, kashi ɗaya cikin biyar na nauyin yadin, a iska mara ƙarfi kuwa nan take za ka ji shi. Nawa ya zama kamar jiƙaƙƙen bargo, ga yashi ya bi shi ya manne, na yi ta barbaɗa masa hoda kamar jariri. Abin da ya fi ba ni haushi, bayan wata biyu ya ɗan yage a kan waya, na kawo tef ɗin faci na manna ya faɗo, na sake ya faɗo. Babu abin da ke kama silikon sai silikon. Don haka duk wani faci da za ka yi ka gama shi kafin ka shafa, bayan nan sai dai allura da zare.

Abu na ƙarshe, in dai tsalle kake so ka fara yi da shi ko ka ga ana ɗaga ƙafa ana lilo a sama kai ma ka ce za ka gwada, to ba da wannan ba, ko an shafa ko ba a shafa ba. Mita 4 ma ba na tsalle ba ne, ɗaga ka zai yi ya sake ka kamar buhu. Na ja a ƙasa da koyon hannu ne.

Yar_Zazzau:

Yaya Dogo ya gama magana. Ƙari ɗaya kawai, akwai yadin da tun daga masaƙa silikon ne a jikinsa, za ka ji shi da santsi kamar sabulu, irin wannan in ka kawo ruwan PU na gyaran ƙasan tanti ka shafa masa ɓarewa zai yi kamar bawon albasa. Ka manna ɗan salatif a wurin da ba a gani ka ɓare, in ya kama gam to ba silikon ba ne, in ya zame to shi ne. Kuma ko me za ka shafa ka fara da jakar kayit ɗin ko can ƙarshen kunne, wato gefen fiffiken, ka ba shi kwana biyu ka gani.

Bakatsinen_Holan:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Yaya Dogo kamar kana wurin wallahi. Jiya da yamma na ɗaure igiyoyin a ƙarfen ajiye keke na bayan gidanmu, na birki sun gaza na ja da kusan santimita 9, ɗaya ma ta fi ɗaya. Na ja su na ƙara ƙulli, yashi kuma na fitar da abin da ya kai rabin gwangwanin madara har da wani busasshen ƙwaro. Yau da safe na je na gwada, tashi ɗaya ya haye har tsakiyar sama, ni kaina sai da na yi dariya ni kaɗai wani bature mai kare yana kallona.

Amma naɗewar da yake yi a gefe tana nan, ta ragu dai. Na yi gwajin bakin, ta wutsiya da ƙyar nake zuƙa, ta gaba a tsakiya kuwa aljifai biyar iska na wucewa sosai. Anti Yar_Zazzau na shafa ta ciki babu danƙo babu gari, salatif kuma ya kama, na ja yadin bai yage ba, ɗinkin ma Malam Tela yana nan daram. Akwai ƙananan huji biyu kusa da kunnen hagu zan fara mannawa tukuna. Na auna shi a sikelin kicin ba tare da igiya ba don in san abin da zan ƙara masa, kuma aljifai biyar ɗin nan kawai zan shafa, sauran in bar su yadda suke.

Saura tambaya ɗaya Yaya Dogo, ɗakina ɗaya ne a hawa na uku kuma ba baranda, ga shi an ce ruwa za a yi ta yi har ƙarshen mako, in na shafa a waje ya sha iska awa uku ko huɗu zan iya shigo da shi in rataye a banɗaki ya ƙarasa, ko warin zai kore ni?

Dogo_Blackpool:

Zai kore ka har da maƙwabta. Ka jira rana ta fito, ko ka roƙi mai gareji ya ara ma kwana biyu ka bar ƙofar a ɗage. Facin dai ka yi shi yau, ciki da waje, ka zagaye kusurwoyin tef ɗin da almakashi kafin ka manna.